FIƊAR HUHU DA MUTUM-MUTUMI: WA KE RIƘE DA WUƘAR?

Makon nan za mu taɓo wata magana wadda ta fara shiga bakin mutanenmu masu fita neman magani ƙasashen waje, irin su Masar da Indiya da Saudiyya da Ingila. Mutum zai kai mahaifinsa ko matarsa asibiti, a duba a ce akwai tsiro a huhu, sai an yanke ɓangare guda. Daga nan sai a gaya masa hanyar aikin iri biyu ce ko uku, kuma wadda ta fi tsada ita ce wadda ake yi da mutum-mutumi. To, a nan ne hankali yakan rabu. Wani ya ce shi kam ba zai miƙa ran mahaifinsa ga ƙarfe marar imani ba. Wani kuwa ya ɗauka tun da na'ura ce babu sauran kuskure, ya buga waya gida a sayar da fili ko a karya jarin shago. Dukansu biyu sun yanke hukunci a kan abin da ba su san siffarsa ba, alhali kuwa malamai sun ce hukunci a kan abu yakan biyo bayan sanin abin. Sabo da haka bari mu fara da sanin.

Halittar huhu

Allah Ya halicci huhu biyu a ƙirjin ɗan Adam, amma ba daidai suke ba. Na dama yana da ɓangare 3, na hagu kuwa 2 ne, domin zuciya ta ci masa wuri. Ko wane ɓangare yana da nasa bututun iska, da tasa jijiyar da ke kawo masa jini daga zuciya, da wadda ke mayar da jinin bayan ya sha iska. Kowanne kuma ya sake rarrabuwa ƙananan yankuna, har huhun dama kaɗai yana da yanki 10. Wannan tsari shi ya sa fiɗar ta yiwu, watau kamar gida ne mai sassa da yawa, ko wane sashe da ƙofarsa da famfonsa, ana iya rufe ɗaya a rushe shi, sauran gidan na nan.

Duk jinin da ke jikin mutum sai ya ratsa ta huhu, kimanin lita 5 a ko wane minti in yana zaune bai motsa ba. Malami Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙu, ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a 1288 (687 Hijira), shi ne farkon wanda ya bayyana cewa jini yana fita daga sashen dama na zuciya ya bi ta huhu kafin ya komo sashen hagu. Wannan jijiya da ya yi magana a kanta ita ce abin tsoron ko wane likitan fiɗar ƙirji har yau, domin bangonta siriri ne, jinin da ke bi ta cikinta kuwa mai yawa.

Huhun da aka yanke ba ya sake tsirowa yadda hanta take yi. Abin da ke faruwa shi ne sauran ɓangarorin su buɗe su cike gurbin. Don haka kafin a taɓa mutum sai an sa shi ya hura iska a wani ma'auni, a lissafta ko abin da zai rage masa zai ishe shi numfashi.

Me ke sa a yanke

Babban dalili shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 mutum kimanin miliyan 2.5 suka kamu da ciwon dajin huhu, kimanin miliyan 1.8 kuma suka mutu da shi, babu wani ciwon daji da ya kai shi kisa. Idan an gano shi yana ƙarami, bai yaɗu ba, yanke ɓangaren da yake ciki shi ne maganin da aka fi sa rai da shi.

Akwai kuma dalilin da ya fi kusa da mu, watau ɓarnar da tarin fuka ke bari. Mutum zai warke daga tarin, amma ya bar masa kogo a huhu, wani irin naman gwari ya yi gida a cikin kogon, ya riƙa tofar da jini. Wani kuma bututun iskarsa ne suke buɗewa su lalace, majina da mugunya su riƙa taruwa shekara da shekaru. In ɓarnar ta tsaya wuri guda, cire wurin yakan kawo sauƙi.

Daga wuƙa zuwa madubi

Fiɗa ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Abul Ƙasim Azzaharawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta littafinsa Attasrif kashi 30, ya keɓe na ƙarshe ga aikin fiɗa, ya zana siffar kayan aiki kusan 200 a ciki. An juya wannan kashi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. Amma duk da haka ƙirji ya daɗe yana gagarar likitoci, domin da zarar an huda shi iska ta shiga, sai huhu ya noƙe kamar salkar da aka zazzage. Sai da aka gano yadda za a zura bututu a maƙogwaro a riƙa hura wa mutum iska yana cikin banju, sa'an nan hanya ta buɗe.

A 1933 wani likitan Amurka, Evarts Graham, ya cire huhu guda sukutum a zama ɗaya daga jikin mai ciwon daji a birnin St. Louis, mutumin kuma ya tashi. Labarin nan akwai abin lura a cikinsa. Majinyacin, wanda shi ma likita ne, ya rayu har 1963. Shi kuwa Graham, wanda ya daɗe yana shan taba, kuma yana cikin waɗanda suka wallafa bincike a 1950 mai nuna dangantakar taba da ciwon dajin huhu, wannan ciwon ne ya zama ajalinsa a 1957. Wanda aka yi wa magani ya riga ya binne mai maganin da shekara 6.

Tun daga zamanin nan har wajen shekara 60, hanyar aikin ita ce a tsaga gefen ƙirji kimanin ɗani guda ko fiye, a sa wani ƙarfe a bankare haƙarƙari har hannun likita ya shiga. Aiki yana kyau ta wannan hanya, har gobe kuma ana yin ta, amma zafinta mai tsanani ne, domin ƙarƙashin ko wane haƙarƙari akwai jijiyar ji, bankarewar nan kuwa takan murƙushe ta. Wasu sukan yi watanni suna fama da raɗaɗin wurin.

A farkon shekarun 1990 aka fara wata dabara: a huda ƙananan kafofi tsakanin haƙarƙari, a zura kyamara siririya da dogayen kayan aiki, likita yana tsaye gefen majinyaci yana kallon cikin ƙirjin a allon talabijin. Wannan ita za mu kira fiɗar madubi. Ta kawar da bankare haƙarƙari, sai dai kayanta miƙaƙƙu ne kamar sanda, ba sa lanƙwasawa, hoton kuma shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna zurfi sosai. Daga nan ne mutum-mutumi ya shigo.

Mene ne wannan mutum-mutumi

Sunan nan shi ne ya fara ruɗa jama'a. Duk wanda ya ji an ce mutum-mutumi sai ya ƙiyasta wani ƙarfe mai kai da ƙafa wanda ke tunani da kansa. Abin da ke ɗakin fiɗa ba haka yake ba. Na'ura ce mai kashi 3. Akwai wani tsayayyen ginshiƙi mai hannu 4 da ake turowa kusa da gadon majinyaci. Akwai akwatin da ke ɗauke da kwamfuta da fitila. Akwai kuma mazaunin likita a gefen ɗakin, inda yake zama ya cusa goshinsa a wani madubi, ya sa yatsunsa cikin wasu maɗauri, ƙafafunsa kuma a kan matakai irin na mota. In ya motsa yatsa, bakin almakashin da ke cikin ƙirji ya motsa daidai da haka. In ya tsaya, ya tsaya. In ma ya ɗaga kansa daga madubin, sai hannuwan su ƙame wuri guda har ya komo.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce da Vinci, ƙirar kamfanin Intuitive Surgical na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1995. Asalin tunanin ya samo tushe ne daga binciken da sojan Amurka suka ba kuɗi, suna neman yadda likita zai yi wa wanda aka harba aiki daga nesa da fagen fama. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin aiki da ita a 2000. A 2001 wani likitan Faransa, Jacques Marescaux, yana zaune a birnin Niyu Yok ya cire maɗaciyar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, da wata na'ura irin wannan mai suna Zeus, teku na tsakaninsu. Game da huhu kuwa, likita Franca Melfi da abokan aikinta a birnin Pisa na Italiya suna cikin na farkon da suka cire ɓangaren huhu da ita, suka wallafa labarin aikinsu a 2002. Daga baya wasu kamfanoni sun fito da nasu, kamar Versius ta Ingila da SSi Mantra ta Indiya. A 2024 asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ya sanar da cewa ya dasa wa wani yaro zuciya da na'urar tun daga farkon aiki har ƙarshe.

Fifikonta a kan fiɗar madubi abu 3 ne. Na farko, kyamararta ido biyu gare ta, sabo da haka likita yana ganin zurfi kamar ya shiga cikin ƙirjin, ga shi ta ƙara girman abu har kusan ninki 10. Na biyu, bakin kayan aikin yana da gaɓa mai juyawa kamar wuyan hannu, yana iya zagaya bayan jijiya. Na uku, tana tace rawar hannu, tana kuma rage motsi, watau likita ya ja hannunsa inci 3 bakin almakashin ya matsa inci 1.

Tana kuma da nakasu. Mafi yawan waɗanda ake aiki da su ba sa mayar wa likita jin abin da ya taɓa, bai san tauri ko laushin nama ba sai da ido. A 2024 an ba da izinin wani sabon samfuri mai ɗan mayar da jin ƙarfin ja. Ga kuma likita yana zaune nesa da gado, hannunsa ba a wanke cikin safar fiɗa ba, don haka wajibi ne a sami wani ƙwararre tsaye a gefen majinyaci.

Yadda aikin ke gudana

Bayan an ba majinyaci banju, sai a zura masa bututu mai baki biyu a maƙogwaro, a riƙa hura huhu mai lafiya, a bar wanda za a yi wa aiki ya noƙe don a sami fili. A kwantar da shi a kan gefensa. A huda kafa 4 ko 5 tsakanin haƙarƙari, ko wace kimanin milimita 8 zuwa 12, watau kaurin ɗan yatsa. A ɗaura hannuwan na'urar a bakin kafofin, likita ya koma mazauninsa.

Sai ya shiga bin saiwar ɓangaren a hankali, yana raba jijiyoyi da naman da ke lulluɓe da su. Ko wace jijiya in ta fito fili, sai a sa mata wani ƙarfe mai ɗinke gefe biyu da ƙananan ƙusoshi ya yanke tsakiya a lokaci guda. Haka za a yi wa mai kawo jini, da mai mayar da shi, da bututun iska. Sa'an nan a tsince kaluluwar da ke kewaye, domin nan ne ciwon daji ke fara yada zango in zai yi tafiya, kuma abin da aka gani a cikinta shi zai nuna ko majinyaci na bukatar ƙarin magani. Ɓangaren da aka yanke a sa shi cikin jaka tun yana ciki, a ɗan faɗaɗa kafa ɗaya a jawo shi, don kada ya shafi bakin rauni. Daga nan a zuba ruwa a ƙirjin a hura huhu, a duba ko kumfa na tashi, kamar yadda mai faci ke gwada tayar keke. A bar bututu guda yana fitar da iska da ruwa, a ɗinke. Aikin yakan ɗauki sa'a 2 zuwa 4. Washegari, wani lokaci ma a ranar, ake tayar da majinyaci ya taka, a sa shi ya yi tari da dogon numfashi ko da yana jin zafi, domin kwanciya ita ke kawo ciwon haƙarƙari da daskarewar jini a ƙafa.

Ƙanƙantar rauni a waje kada ta ruɗi kowa. Abin da aka cire a ciki ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi, haɗarinsa kuma na nan: iska ta riƙa tsiyaya daga ɗinki har kwanaki, bugun zuciya ya rikice, huhu ya kamu da cuta, ko jijiya ta ɓalle. In jini ya ɓalle, sai a janye na'urar nan take a tsaga ƙirji irin ta dā. Haka kuma mai tsohon tabon tarin fuka, sau da yawa huhunsa ya manne da bangon ƙirji, kaluluwarsa ta ƙandare ta like wa jijiya, aikinsa ya fi wuya, ya fi kuma kusa da a koma tsagawa. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, tun da Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya.

Abin da bincike ya nuna

An ce gani ya kori ji, to ga abin da aka gani da aka gwada. A Birtaniya an raba majinyata 503 gida biyu, wasu aka tsaga ƙirjinsu, wasu aka yi musu fiɗar madubi, aka wallafa sakamakon a 2022. Waɗanda aka yi wa ta madubi sun fi ƙarancin zafi, sun riga fita asibiti, sun kuma fi ƙarfin jiki bayan mako 5. Wannan ya tabbatar da cewa barin haƙarƙari a yadda suke alheri ne.

Amma da aka gwada mutum-mutumi da fiɗar madubi, ratar ba ta da yawa. A birnin Shangai na ƙasar Sin an yi irin wannan gwaji da majinyata 320, aka wallafa shi a 2022. Kwanakin zama asibiti da yawan matsaloli bayan aiki duk sun zo kusan ɗaya. Masu na'urar an ɗan fi tsince musu kaluluwa, kuɗinsu kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Dalilin tsadar a fili yake: na'urar kanta takan kai dala miliyan 2, ga kuɗin kula da ita ko wace shekara, ga kayan aikin da aka ƙayyade musu yawan amfani, galibi sau 10 ko ɗan fiye, in sun cika sai a jefar. Duk wannan a kan majinyaci yake komawa.

Wani abin da ya ƙara wa na'urar kasuwa shi ne sauyin ra'ayin likitoci game da yawan abin da za a yanke. Tun daga wani bincike na 1995 aka tsaya a kan cewa a cire ɓangare sukutum. Sai a 2022 Japan ta fito da sakamakon majinyata 1,106 masu tsiron da bai wuce santimita 2 ba. Waɗanda aka cire wa ƙaramin yanki kawai, kashi 94.3 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, waɗanda aka cire wa ɓangare duka kuwa kashi 91.1, ko da yake ciwon ya fi komowa wurinsa a cikin na farkon. Cire ƙaramin yanki aiki ne mai bukatar natsuwa, jijiyoyinsa sirara ne, kuma a irinsa ne ƙarin gani da lanƙwasar hannun na'urar ke da amfani.

Taƙaitawar magana, ƙwararre da madubi ya fi ɗan koyo da mutum-mutumi.

Wa ke ɗauke da alhaki

Tun da mun fahimci cewa na'urar ba ta da niyya ba ta da zaɓi, hukuncinta hukuncin wuƙa ne da almakashi, sai dai kawai ƙotarta ta fi tsawo. Shari'a kuwa ba ta ɗora wa ƙarfe alhaki. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa, kuma sharaɗi ne a nemi izinin majinyaci in yana da cikakken hankali, ko na waliyyinsa in ba shi da shi, sai fa a halin gaggawa. Izini kuwa ba ya cika sai an gaya wa mutum gaskiyar abin da za a yi masa, da haɗarinsa, da sauran hanyoyin da ke akwai. Wanda aka nuna wa hanya mai tsada aka ɓoye masa mai sauƙi wadda ta yi daidai da ita, an ci amanarsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke cin amana in ya ɓoye aibin haja.

Malaman farko sun daɗe da tattauna lamunin likita. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba wanda shi ma likita ne, ya rasu a 1198, ya bambanta a littafinsa Bidayatul Mujtahid tsakanin masani da ya yi kuskure, wanda diyya ce kawai ke biyo bayan kuskurensa, da wanda ya kutsa cikin aikin ba shi da saninsa, wanda bayan diyya har horo ya cancanta. Majalisar fiƙihu ta sake zama a kan wannan a Maskat a 2004, ta lissafa wuraren da likita ke lamuni, a cikinsu akwai jahiltar fannin da ya shiga, da aiki ba da izini ba, da ruɗin majinyaci, da sakaci. Ta ƙara da cewa in ƙungiya ce ta yi aikin, kowa yana ɗaukar kuskurensa, shugaban yana tarayya da su in ya gaza wajen kula, asibiti ma yana lamuni in ya gaza sauke abin da ke kansa.

In muka auna maganarmu da wannan ma'auni, abin ya fito sarari. Likitan da ya ƙware a tsaga ƙirji amma bai koyi na'urar ba, in ya hau ta ba tare da mai koya masa a kusa ba, ya shiga fannin da bai sani ba. Asibitin da ya sayi na'urar bai tanadi mai gyara da wutar ko-ta-kwana da jinin ƙari ba, ya gaza. Ba kuwa wanda zai tsaya gaban Allah ko gaban alƙali ya ce laifin inji ne.

Ibadar majinyaci

Wanda aka yi wa wannan aiki zai farka da bututu a gefen ƙirji da allurar ƙarin ruwa a hannu. Addini bai ƙuntata masa ba. Banju yana warware alwala tun da hankali ya gushe. In ruwa zai cutar da shi ko ya kasa kai wa gare shi, ya yi taimama, in kuma filasta ce a gaɓar alwala ya shafa a kanta. Ya yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ya yi nuni da kai in ruku'u da sujada za su ja bututun. Sallar da lokacinta ya fita yana cikin banju, abin da ya fi kwantar da rai shi ne ya rama ta. In aikin ya faɗo cikin watan azumi, ya sha ya rama bayan ya warke, kada ya jinkirta fiɗar ciwon daji don azumi, domin tsiro ba ya jiran Salla. Ɓangaren da aka cire kuwa dole ne a kai shi ɗakin bincike a yayyanka a duba, don a san irin ciwon da iyakarsa. Wannan bukata ce ta magani. Abin da ya saura, malamai da yawa sun so a binne shi don girmama ɗan Adam, ba a yi masa wanka ko salla.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk bayanin nan da muka yi, amfaninsa yana ga wanda aka gano ciwonsa da wuri. Abin baƙin ciki, ciwon dajin huhu yakan yi girma shiru, galibin masu shi ba sa zuwa sai ya riga ya yaɗu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, a lokacin kuwa babu wuƙar da za ta cim masa, ta hannu ko ta na'ura. A ƙasashenmu akwai ƙarin tarko guda: duk dogon tari sai a ce tarin fuka ne, a ɗora mutum a kan magani na wata 6, wata shidan nan kuwa su ne tsiron ke bukata ya wuce gaban yanka. Tarin da ya wuce mako 2 ko 3 a kai shi asibiti a gwada majina. In ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, ko ana shan magani babu sauƙi, ko ana tofar da jini, ko murya ta dushe, ko jiki na ramewa, a nemi hoton ƙirji, in da hali a yi na siti-sikan. Wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mashaya taba fiye da 53,000 ya nuna a 2011 cewa duba su da wannan hoto ya rage mutuwa daga ciwon da kashi 20 cikin 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan ciwo daga taba yake. Sauran kuwa akwai hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki, da hayaƙin injin dizil, da ƙurar wasu ma'adinai. Alhajin da ke da halin biyan kuɗin mutum-mutumi a Indiya, da zai hana sayar da sigari da shisha a rumfarsa, ya fitar wa matansa tagar hayaƙi a madafa, da ya yi ciniki mafi riba. Ko wanda aka riga aka sa wa ranar fiɗa, barin taba na mako 4 kafin ranar yana rage masa matsala.

Wanda kuwa Allah Ya jarrabe shi ya kai ga zaɓin hanya, to matambayi ba ya ɓata. Ya tambayi likita huhu nawa ya yanke da wannan na'ura da hannunsa, ya tambayi wanda zai tsaya gefen gado in jini ya ɓalle, ya tambayi ko fiɗar madubi za ta yi masa abin da na'urar za ta yi, da bambancin kuɗinsu a rubuce. Ya kuma tuna cewa bayan fiɗa akwai sauran tafiya, wani zai bukaci ƙarin magani na watanni, kowa kuma zai bukaci a riƙa duba shi da hoto har shekara 5, sabo da haka kada a ƙarar da guzuri duka a zangon farko. Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi. Bayan an yi wannan, sai a yi istihara, a yi shawara da iyali, a dogara ga Allah, domin riƙon sababi ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara, Ya kuma sa tsoronSa a zukatan masu riƙe da wuƙa. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.